Zazzaɓin ɓera

Ɓeran da ke huda maka buhun gero, malam, sauro na cizonsa kamar yadda yake cizonka. Amma ba ya kwanciya. Ƙwayar maleriyar da ke kayar da mu ba ta iya zama a jininsa. Sai da aka je aka nemo masa tasa. A 1948, a dajin Katanga na ƙasar Kwango, Ignace Vincke da Marcel Lips suka same ta a jikin wani ɓeran daji, suka raɗa mata suna Plasmodium berghei. Tun daga nan ake sa wa ɓeran keji ita, a ja kujera a zauna da littafi a hannu.

In sauro ne ya kawo ta, hanta ce masaukinta na farko. Can take ɓuya kamar kwana 2, tana hayayyafa, ɓera na cin abincinsa. Akwai wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD8. Idan sun taɓa ganinta, sukan bi hanta ɗaki-ɗaki, duk inda ta shiga su rushe shi da ita a ciki. Idan ba su santa ba, kafin su shirya ta faɗa jini.

A jini sai ta shige cikin jar ƙwaya ta ja ƙofa. Nan aiki ya koma kan saifa. Ita dai wadda mahauci ke jefa maka a matsayin gyara. Jini yana ratsa ta ta wasu 'yan tsagogi. Lafiyayyar ƙwaya takan lanƙwasa ta wuce. Wadda ta ɗauko baƙo ta yi tauri, sai ta maƙale, wasu manyan ƙwayoyi masu haɗiya su lamushe ta. Cikin 'yan kwanaki saifar ɓera ta kumbura, ta ninka girmanta, ta yi baƙi. Irin wannan kumburin ne iyayenmu mata suka daɗe suna lalubawa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu na yaro mai yawan zazzaɓi.

Saifa tana rage taro ne. Masu sharar ƙarshe su ne sinadaran da jiki ke ƙerawa daidai da siffar baƙon, su manne masa. Ba su da gaggawa, sukan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. An gwada ɓeran da ba ya iya ƙera su. Yakan danne guguwar farko, amma ƙwayar ba ta barin jininsa. Ta lafa, ta dawo.

Ga inda na daina yaba wa garkuwar jiki. Akwai wani baƙin ɓera na gwaji da in an sa masa nau'in berghei mai suna ANKA, cikin kamar mako guda sai ya fara tangaɗi, ya suma, ya mutu. Da aka duba, 'yan CD8 ɗin nan ne suka taru a jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa suka farfasa bango. 'Yan banga. In aka kawar da su kafin lokacin, ƙwaƙwalwa takan tsira, ƙwayar kuwa tana nan tana yawo a jini.

Ɓeran ya yi mana rana, ba na musu. A 1967, a birnin New York, Ruth Nussenzweig da abokan aikinta suka raunana ƙwayar da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, suka yi wa ɓeraye allurarta. Da aka kawo mai cikakken ƙarfi, ba ta kama yawancinsu ba. Daga binciken rigar da ƙwayar ke sanye da ita aka samo tushen rigakafin yau. A Najeriya an fara yi wa yara allurar rigakafin a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Daga keji zuwa hannun jariri, shekara 57.

Abu ɗaya ne har yanzu nake juyawa. Mu zazzaɓin cizon sauro muke ce wa ciwon, don jiki na ɗaukar zafi. Ɓera kuwa in ya kama shi, jikinsa sanyi yake yi. Gashinsa ya miƙe, ya dunƙule a kusurwar keji, ya cusa hanci cikin diddigar katako.