Jirgin Autana da Jan Bik Ɗina

Ranar wata Laraba da yamma ina zaune a zaure ina gyaran takardun lissafi na ɗalibaina ƴan ajin 6e, autana yana gefe riƙe da wayar uwarsa, yana wasan nan na jirgin sama mai harbi. Na ji ƙarar fashewa, jirginsa ya tarwatse. Na ɗauka zai yi tsaki, sai na ga yana murmushi. Na ce, "Kai, an kashe ka kuma kana dariya?" Ya ce, "Baba, ai ban yi asara ba. Taurarin da na tara suna nan, saura kaɗan in sayi babbar bindiga."

A daidai lokacin na gama rubuta 4 bisa 20 a takardar wata yarinya da na tabbata ta yi ƙoƙari. Na dubi jan bik ɗin da ke hannuna, na tambayi kaina: ita wannan yarinya, me ya saura mata daga faɗuwarta?

Ni ma na yi irin wannan wasa. Waɗanda suka riƙe Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000, za su tuna da Space Impact. Ina ɗalibi a Yamai nakan ari wayar yayana in yi ta harbi har batir ya ƙare. Rai uku ake ba ka. In sun ƙare, shi ke nan, ka koma farko da jirgin nan naka na jiya, babu abin da ya ƙaru sai lambar maki mafi yawa da ke jiran ka karya ta. In ka ga na wuce dodon da ya kashe ni jiya, to yatsuna ne suka koyi wani abu.

Wannan tsari ya samo asali daga gidajen wasa na Japan, inda ake jefa kwabo a na'ura kafin a yi wasa. Space Invaders, wanda kamfanin Taito ya fitar a 1978, haka yake: ka mutu, ka sake jefa kuɗi, ka fara daga tushe. A Gradius na 1985 kuwa, jirginka yana ƙara makamai yayin da kake tafiya, amma harsashi ɗaya ya same ka sai a tuɓe maka su duka. Shi ya sa har yau babban abin alfahari wurin masu son waɗannan wasanni shi ne mutum ya kai ƙarshe da kwabo ɗaya tak, ba tare da ya sayi damar ci gaba ba.

Wasannin da ke wayoyin ƴaƴanmu sun sake tsari. Ɗauki Sky Force Reloaded, na wani kamfanin ƙasar Polan, wanda irinsa ne autana ke yi. Duk jirgin abokin gaba da ka harbo yana zubar da taurari, ka tsince su, ka je ka ƙara ƙarfin bindiga, ko garkuwa, ko jikin jirgin. Abin da ka saya ya zama naka har abada. Matakan gaba a kulle suke, sai ka tara lambobin yabo za su buɗe: ka hallaka kashi 70 cikin 100 na abokan gaba, ka hallaka su duka, ka ceto dukan mutanen da ke ƙasa, ko ka gama matakin ba a taɓa ka ko sau ɗaya ba. Saboda haka yaro ba ya tashi hannu rabbana. Ko ya faɗi sau goma, jirginsa na goma sha ɗaya ya fi na farko.

Na yarda akwai hikima a nan, kuma mu malamai muna da abin koyo. Ɗalibin da ya samu 4 bisa 20 yakan ninke takardar ya cusa a jaka, don lambar ba ta gaya masa abin da ya iya ba. Wanda aka ce ya maimaita aji kuwa, tamkar Space Impact ne muka yi masa: ya koma farkon shekara, har darussan da ya riga ya ƙware a kansu. Da yawa daga nan suke barin lakwal, musamman ƴan mata, don iyaye ba su ga abin da shekarar ta bari ba.

Amma wani abu ya ci gaba da damuna, sai na yi gwaji. Na sa aka sauko da wasan a wayata, inda babu tauraro ko ɗaya, na miƙa wa auta. Matakin farko ya wuce shi kamar shan ruwa, ya fi ni nesa ba kusa ba, alamar dai hannunsa ya koyi wani abu. Da ya iso wurin wani babban dodo da ya saba kashewa a wayar uwarsa, sau biyar ana tarwatsa shi. Ashe can bai taɓa koyon kauce wa harsasan dodon ba, garkuwa ce ke sha masa duka, bindiga kuma ta gama aikin kafin a gama da shi. Ya miƙo mini wayar yana cewa, "Baba, wannan jirgin ne ba shi da kyau." Na ce masa kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan ma mun san shi a aji. Kowace shekara ina karɓar yara a 6e waɗanda aka yi ta turawa gaba, aji bayan aji, ga takardun wucewa cif, amma rabawa da lamba biyu ta gagare su. An buɗe musu matakai saboda sun daɗe a zaune, ba a duba ko sun iya ba. Ranar jarrabawar BEPC kuma kowa da ƙaramin jirgi yake shiga.

Ga abin da na soma yi, ban ce shi ne magani ba. A bayan kayen kowane ɗalibi mun rubuta jerin abubuwan da ya kamata ya iya a shekara: tara ɓangarorin lamba, auna kusurwa, da sauransu. Wanda ya nuna mini ya iya abu sau biyu, a ranaku daban, sai in sa masa alama, kuma mummunan maki na gobe ba ya share ta. Sai dai a ƙarshen kowane wata akwai ɗan gwaji, kaye a rufe, babu taimakon maƙwabci. Yarinyar nan mai 4 bisa 20 ta ga alamomi uku a bayan kayenta, ta zo da kanta tana tambaya yaya za ta samu ta huɗu.

Ga iyaye kuma, ku lura cewa wasan da ba ya ƙwace maka komai yana da wuyar ajiyewa. Kullum saura kaɗan. Da yawa daga cikinsu suna ba da kyauta ga wanda ya buɗe su kowace rana, ko ya kalli talla, ko ya biya kuɗi, mega na tafiya, lokacin barci na tafiya. A gidana an tsaida wasa Laraba da yamma da ranar Lahadi, kuma na daina tambayar auta mataki na nawa ya kai. Ina tambayarsa wane abu ya iya yau wanda bai iya ba makon jiya.

Lahadin da ta wuce ya zo da wayata a hannu, ya ce in duba. Ya wuce dodon da ƙaramin jirgin, bayan gwaji fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Na yi masa barka, sannan na ce ya ɗauko kayen lissafinsa.