Kafin Ka Kama Hanyar Gembu

Tunda yara sun watse, saura mu ya mu, bari in faɗa maka abin da na ƙi faɗa ɗazu, ƙanena. Ka ce bayan Sallah za ka ɗauki babur daga nan Kano har Gembu, kowa kuma ya tofa albarkacin bakinsa. Alhaji ya ce ka sayar da Boxer ɗin ka nemi babban inji. Malam ya ce a kai wa bakanike ya buɗe shi ya yi masa garambawul. Amma ban ji wanda ya ambaci abin da zai fara tsayar da kai a gefen titi ba, wato mazaunanka. Yi dariyarka, za ka tuna da ni a wajejen Ningi.

Duba hanyar da kyau. Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, nan kaɗai kusan kilomita 300 ne. Sai Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, sannan Bali da Serti, kafin ka iso Mayo Selbe inda hawan dutsen Mambila yake farawa. Duka-duka ta haura kilomita 1,000. A kan babur ɗin da ke jin daɗinsa a gudun 70 zuwa 80, kwana uku ne in an matsa, huɗu in ana son a isa da mutunci. Inji zai yi, kada ka ji komai. Wani ɗan jaridar Ingila, Ted Simon, ya zagaya duniya daga 1973 zuwa 1977 a kan Triumph mai cc 500. Kunle Adeyanju da ya taso daga Landan zuwa Legas a 2022 don gangamin yaƙi da shan inna, Honda CB500X ya hau, wanda a wajen masu manyan babura matsakaici ne. Saboda haka, Alhaji, da girmanka da komai, ban goyi bayan a sayar ba. Kuɗin da za a cika a sayi babba, kashi ɗaya cikin goma ya isa a gyara wannan ya dace da jikin mai shi.

Mu fara da kujera. Abin da kusan kowa ke yi shi ne ya je wurin mai kushin ya ce a ƙara masa soso mai laushi. Minti ashirin na farko sai ka ce a falo kake. Bayan awa biyu soson ya lotsa, ka koma zaune a kan farantin kujerar, nauyinka duka ya taru a kan ƙasusuwa biyun nan da ake zama a kansu, ga gumi ya jiƙa wando. Daga nan sai mutsu-mutsu, ka karkata dama, ka karkata hagu, hankalinka ya bar titi. Ka ce wa mai kushin ya sa maka matsattsen soson nan mai launi-launi, wanda ake haɗawa da gutsattsari, wanda in ka danna da babban yatsa zai turo ka. Shi ne a ƙasa. A sama a shimfiɗa mai laushi siriri, kaurin yatsa ɗaya ya isa. Ya faɗaɗa ta ta baya inda kake zama, ya sirance ta ta gaba don ƙafarka ta riƙa kaiwa ƙasa. Kada ka bar masa ka tafi. Tsaya a kansa, ka hau ka sauka, yana yanka yana gogewa, sai ta yi daidai sannan ya ja leda ya buga.

Abu mafi muhimmanci, kada kujerar ta gangara zuwa tanki. Ga maganar da ba a yi a gaban iyali. Idan tana zurarar da kai gaba, nauyin yana barin ƙashi ya koma tsakanin cinyoyi, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Mutum ya sauka bayan awa uku ya ji gabansa ya mutu murus, hankalinsa ya tashi, ya yi shiru bai gaya wa kowa ba, ya bi masu lasifika a kasuwa neman magani. Alhali kujera ce ta danne shi. In ka ji haka a hanya, tsaya, sauka, taka ƙasa, yakan saki. In ya ƙi saki bayan kwana biyu, asibiti za ka, ba kasuwa ba. Mai fama da basir kuma ya san da kansa abin da dogon zama cikin zafi da gumi ke tayar masa, ba sai na yi bayani ba. Malam, na ga ka sunkuyar da kai, ban kira suna ba.

Tunda bayan Sallah za ka tashi, kada a ba da fatar ragon. A kai majema a jeme ta da gashinta, ka yanko daidai kujera ka ɗaure da roba ta ƙasa. Masu doguwar tafiya a Ostireliya da Amurka kuɗi suke sawa su sayi buzun nan da muke jefarwa a bayan ɗaki. Iska na ratsa gashin, gumi ba ya kwanciya, kuma in ka ajiye babur a rana ka dawo ba zai gasa ka ba. Aibinsa ɗaya, ruwan sama, kuma Mambila gidan ruwa ce, don haka ka riƙe leda. Cire walat daga aljihun baya. Wando mai kaurin ɗinki a ƙasa ma ka bar shi a gida.

Sai hannu. Hau babur ɗin a tsaye, rufe ido, miƙa hannuwanka inda suka ga dama su sauka, sannan ka buɗe. Idan kan babur ɗin ba a nan yake ba, a sassauta notocin da suka riƙe shi a juyo shi kaɗan, har gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwasa, kafaɗa ta sauko. Libar birki da ta kuloci su ma a karkatar da su ƙasa yadda in ka miƙa yatsu, tsintsiyar hannunka za ta tafi a miƙe ba tare da ta karye sama ba. Aikin minti biyar ne da sifana, amma shi ne bambancin wanda ya kwana lafiya a Gombe da wanda ya kwana yana matsa wuya. Inji mai silinda ɗaya yana da karkarwa, ita ce ke kashe yatsu. Sa robar hannu mai kauri, sa safar hannu, in an cire ƙarafan nan masu nauyi na ƙarshen hannun a mayar da su, don ba ado ba ne. Kuma ka daina shaƙe shi kamar za a ƙwace maka. Cinyoyinka su riƙe tanki, hannu ya huta.

Bakanike zai ce a canja maka faranti mai haƙora na gaba, a cire mai 14 a sa mai 15. Gaskiya ne, juyin inji zai ragu da kusan kashi 7 cikin 100, karkarwa ta lafa a kan miƙaƙƙen titi. Ni dai da ni ne ba zan taɓa ba. Tudun Mambila ya kai mita 1,600 sama da teku, iska a can ba ta da kauri, inji mai kafireta yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ka hau. Lissafa ka gani. Ka rage masa ja da hannunka, dutse ya ƙara rage masa, ga kaya a baya, sai ka hau da giya ta ɗaya kana addu'a.

Kaya kuwa, kada ka goya ko allura. Jakar goyo da ba ka jin nauyinta a ƙofar gida, kafin Birnin Kudu ta zame maka buhun gero. Masu nauyi, irin su sifanu, tib na sauyi, famfo da galan ɗin ruwa, su sauka ƙasa a jakunkuna biyu na gefe, nauyinsu ɗaya, a matso da su kusa da kai. Marasa nauyi su hau sama, ka ɗaure jakar tufafi daf da bayanka ta zama majingina. Ta ɓangaren salansa a bar tazara. In ka tula komai a can ƙarshen kariya, gaban babur zai yi sakayau ya riƙa rawa, fitila ta koma haska sama. Bayan ka ɗaure, dubi shokar baya. Akwai wani zobe mai matakai a ƙasanta da yawancin mutane ba su taɓa juyawa ba tun da suka sayi babur. Ƙara masa mataki ɗaya ko biyu, yadda in ka zauna da kayanka shokar za ta nutse kamar sulusin tafiyarta kawai. A nan ne kuma za ka duba sarƙa, kana zaune a kai, wani ya taɓa maka. Ta yi wasa kamar santimita 2 zuwa 3. Iskar taya da safe ake aunawa kafin ta yi zafi, da gejinka na kanka, bisa adadin da kamfani ya rubuta, ba da yatsan mai faci ba. Babbar riga da jelar rawani a naɗe su a jaka. Duk mun san abin da ke faruwa in sarƙa ta cafki bakin riga.

Hular kwano, na san ra'ayin majalisar nan. Mu ne fa a 2009, da aka tilasta sa ta, wasunmu suka kifa ƙwarya a ka har duniya ta yi ta dariya. Sayi mai rufe haɓa, wadda ta kama kanka ba ta juyawa, mai gilashin da bai karce ba. Sannan ka nemi abin toshe kunne na soso a kantin magani ko wurin masu kayan aikin masana'anta. A gudun 100, ƙarar iska a cikin hula tana wuce desibel 90, alhali daga 85 ake fara kare kunnen ma'aikaci. Ko a gudunka ba ƙarama ba ce in an yini a cikinta. Wannan gajiyar da ke sa ka sauka kanka na ɗumi kamar an yi maka duka, wani ɓangarenta daga nan yake. Za ka ji hon, za ka ji inji, shuuu ɗin ne kawai ke raguwa. Gilashin tare iska kuma in za a sa, a gwada shi. Wanda tsayinsa bai dace ba yana kwaso iskar ya zuba maka a hula, kai ya yi ta kaɗawa. Gara babu da irin wannan.

A kwarin Binuwai, wajejen Numan, zafi zai ce maka cire riga. Kada ka yarda. Idan zafin gari ya wuce na jiki, wato digiri 37, iskar da ke bugunka ƙara maka zafi take tana kwashe ruwan jikinka. Rufe jiki, jiƙa 'yar ciki da ruwa, ka bar iska ta shiga ta hannun riga. Kwana ɗaya bayan nan kuma a Nguroje za ka nemi rigar sanyi da ta ruwa, don haka su kasance a sama inda hannu zai kai.

Tsayawa, kada ka jira sai jiki ya roƙa. Duk awa ɗaya da rabi sauka, sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, miƙe ƙafa. In fitsarinka ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci, zuba gishiri da sukarin nan na leda a gora. Matafiyi ne kai, an yi maka sauƙin ƙasaru da haɗa salla, amma ni nakan so tsayawar kowace salla don alwalar kanta hutu ce. Da rana ci kaɗan, malmalar tuwo da azahar barci take kirawa. Shayi da goro ba laifi. Ƙwayar nan da wasu ke haɗiya wai don kada su gaji, in wani ya miƙo maka a tasha, ce masa Allah ya sa albarka ka wuce. Gajiyar na nan, jinta kawai aka kashe maka. La'asar sakaliya ta same ka a garin da za ka kwana. Kuma kowace safiya tambayi direbobin tasha halin da hanyar gaba take ciki, da ko akwai dokar hana babur a wasu sa'o'i, don wannan yana canjawa daga gari zuwa gari.

Saukowa daga dutsen ma sai ka shirya mata. Birkin ganga in ya sha taka yana zafi ya daina kamawa. Sa giya ta biyu, bar inji ya riƙe ka, birki kuma kana taɓawa kana saki.

Duk gyaran nan a gama shi da saura mako biyu, ba ranar jajibirin tafiya ba. Sannan ka ɗaure kayan nan kaf yadda za ka tafi da su, ka je Birnin Kudu ka dawo a yini ɗaya, da sifana a aljihu. Inda ya yi ciwo ka riƙe shi a ka, ka zo mu koma wurin mai kushin tare, don ni ma tawa ta fara lotsawa ta hagu.