Daga Gaya Zuwa Ajingi Da Damina

Wanda ya tashi daga Kano za shi Gaya, ta Wudil zai bi, ya ƙetare gada, kwalta ce har cikin gari. Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Masu tarihi sun ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala daga nan suka fito, su ne Abagayawa. A shekarar 2019 aka ba ta sarki mai daraja ta ɗaya, a 2024 kuwa aka mai da masarautar daraja ta biyu, da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta.

Mu dai hutun watan Agusta ne ya kai mu ƙauyukan Ajingi. Gero ya yi kai, ko'ina kore shar. Amma da zarar ka sauka daga kwalta, sai rairayi a tudu, laka a kwari. A wani kwari motarmu ta kafe har cikinta ya taɓa ƙasa, ga hadari ya haɗu a gabas, ga yara uku a baya.

Wata tifar yashi ce ta tsaya mana. Samarin ƙauye suka kawo tsohuwar sarƙa, direban ya ƙi. Ya ce, "Malam, sarƙa in ta tsinke ba ta san kan kowa ba." Sai ya fito da bel mai faɗi, irin na jan mota. Gaskiyarsa kuwa: bel yana ɗan miƙewa, yana shanye fizga, sarƙa ba ta yi.

Ya hana a ɗaura a bamba, don sai ta ɓalle ta bar motar a wurin. Ya durƙusa cikin taɓo ya lalubo ƙugiyar da ke jikin ƙarfen ƙasan mota, nan ya ɗaura. Yaron motarsa ya kwashe lakar gaban tayoyi da shebur, ya zuba yashi. Aka rataya jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar bel ɗin, domin ko ya tsinke ya faɗi ƙasa maimakon ya doki gilashi. Korar 'yan kallo ita ta fi kome wuya, kun san halin yara da mota.

Tifa ta tsaya a busasshen wuri, ta ja a hankali da giya ta ɗaya har bel ya miƙe, sa'an nan direbanmu ya ɗan taka mai. Ja na biyu muka fito. Kafin yayyafi ya fara mun kai Toranke.