Umphang: Gundumar da Titi Ɗaya Ya Haɗa da Sauran Tailan

A yammacin ƙasar Tailan, dab da iyakarta da Myanmar, akwai wata gunduma mai suna Umphang a lardin Tak. Ita ce mafi faɗi a cikin gundumomin ƙasar 878, da girman murabba'in kilomita 4,325, wato ta ɗara jihar Legas faɗin ƙasa. Amma duk faɗin nan, mutanen da ke cikin rajistarta 'yan dubbai goma-goma ne kawai, a warwatse cikin duwatsu da kurmi. Wanda ke son sanin yadda hannun gwamnati ke isa ga talakan da ke can ƙurya, to nan ne wurin dubawa.

Mai zuwa Umphang daga cikin Tailan ba shi da zaɓin hanya. Dole ya bi ta garin Mae Sot, ya ɗauki titi mai lamba 1090, mai tsawon kilomita 164 da kwanoni 1,219. Tafiyar kan ci wajen awa huɗu, motar tana hawa tana gangarowa, rami a hannun hagu, dutse a hannun dama. Motar haya a nan a-kori-kura ce mai benci biyu a baya, fasinja na zaune suna fuskantar juna, buhunan shinkafa da jarkokin mai a tsakanin ƙafafunsu. Aikin titin ya sha wahala, domin a shekarun 1970 'yan tawayen kwaminis sun yi sansani a waɗannan duwatsu, suna kai wa ma'aikata hari. An kuma taɓa fara wani titin daga lardin Kamphaeng Phet ta gabas, sai aka dakatar da shi don kada a keta dajin.

Dajin kuwa ya cancanci a yi masa haka. Kudancin gundumar ya shiga cikin gandun namun daji na Thung Yai Naresuan, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1991 tare da maƙwabcinsa Huai Kha Khaeng. Akwai giwaye da damisa a ciki har yau. Daga gundumar ne kogin Mae Klong ya faro, ya nufi kudu har tekun Tailan. A cikin gundumar ne kuma ruwan Thi Lo Su ke kwararowa daga dutse mai tsayin fiye da mita 200, kuma shi ke jawo 'yan yawon buɗe ido. Da damina ta sauka, daga watan Mayu zuwa Oktoba, hanyoyin ƙauyuka kan zama taɓo, zaizayar ƙasa kan toshe titi, wasu garuruwan sai a ƙafa ko a babur.

Yawancin mazauna ƙauyukan 'yan ƙabilar Karen ne, masu harshensu na daban, masu dangi a ɓangarorin iyaka biyu. Suna noman shinkafar tudu, da masara, da barkono. Tun kaka da kakanni sukan noma fili shekara guda, su bar shi ya huta wasu shekaru kafin su dawo. Da aka shata gandun daji, sai gonakin wasu suka faɗa ciki, aka shiga takun-saƙa tsakanin manomi da jami'in gandu, kowa da hujjarsa.

Tsarin mulkin da ke riƙe da wannan yanki ya samo asali ne daga zamanin Sarki Chulalongkorn. A 1892 ya naɗa ƙanensa Yarima Damrong ministan cikin gida, shi kuma ya jera ƙasar bene-bene: lardi, gunduma, gungun ƙauyuka da ake kira tambon, sai ƙauye. Dokar 1914 ta tabbatar da tsarin, kuma da ita ake aiki har yau bayan gyare-gyare. Gwamnan lardi ba zaɓensa ake yi ba, Ma'aikatar Cikin Gida ce ke turo shi daga Bankok. Haka shugaban gunduma, nai amphoe: ma'aikacin gwamnati ne da ake yi wa sauyin wurin aiki, ba ɗan gado ba, sau da yawa ma ba ɗan yankin ba.

A ƙasa ne jama'a ke da ta cewa. Mutanen kowane ƙauye su ke zaɓen mai garinsu, phu yai ban, wanda kan riƙe muƙamin har ya cika shekara 60. A cikin masu garin ne ake fitar da kamnan, dagacin tambon. Umphang, wadda ta zama cikakkiyar gunduma a lardin Tak a 1959, tana da tambon shida: Umphang, Nong Luang, Mokro, Mae Chan, Mae Lamung da Mae Klong. Tun bayan dokar 1994 kuma aka samar da majalisun tambon na zaɓe, masu kasafin kansu, waɗanda ke kula da ƙananan hanyoyi, ruwan sha, shara da makarantun renon yara. Ke nan igiya biyu ce ke riƙe da ƙauye: ɗaya ta sauko daga Bankok da umarni, ɗaya ta taso daga akwatin zaɓe da buƙatu.

Mai gari ne ke tsaye inda igiyoyin suka haɗu. Kowane wata yakan je taro a ofishin gunduma, ya dawo ya sanar da jama'a abin da aka ce, sau da yawa ta lasifikar da aka kafa a tsakiyar gari. Shi ke sasanta rikicin iyakar gona, shi ke kai rahoton gobarar daji ko ɓarkewar zazzaɓin cizon sauro. Mafi nauyin aikinsa kuwa shi ne shaida: cewa wane ɗan garin nan ne, a nan aka haife shi.

Wannan shaida ba ƙaramin abu ba ce. A Tailan, sunan mutum a rajistar gida da katin shaidarsa mai lamba 13 su ne mabuɗin kusan komai: mallakar fili, zaɓe, tafiya zuwa wani lardi ba tare da neman izini ba, da shirin lafiya na kowa da kowa da aka shimfiɗa a 2002. Da yawa daga mutanen tudu an haife su a gida, nesa da ofis, ba wanda ya rubuta su, sai suka tashi ba su da ƙasa a takarda. Ga kuma waɗanda yaƙin Myanmar ya koro, har aka buɗe musu sansanin Nu Po a cikin gundumar a 1997. Asibitin gundumar ya daɗe yana karɓar marasa katin nan, ko da ba su da abin biya, yana ɗaukar nauyin a kansa.

An samu ci gaba. Gyaran dokar rajista na 2008 ya ba kowane jaririn da aka haifa a ƙasar damar samun takardar haihuwa, ko iyayensa su wane ne. Takardar ba ta mayar da shi ɗan ƙasa kai tsaye, amma da ita ake fara nema. Sai dai doka tana Bankok, jaririn yana bayan dutse. Idan ungozoma ba ta faɗa wa mai gari ba, ko mai gari bai hau babur cikin taɓo ya kai rahoto ba, haƙƙin ya tsaya a takarda. Shi ya sa a gunduma irin Umphang, samun mai gari na kirki da magatakarda mai haƙuri yake iya sauya rayuwar yaro gaba ɗaya: ya yi karatu, ya samu magani, ya gaji gonar mahaifinsa da sunansa.