Karoo: Ƙasar Da Ta Haifi Labarin Wata Gona

Duk wanda ya tashi daga birnin Gqeberha, watau Port Elizabeth ta da, a Afirka ta Kudu, ya nufi arewa, kafin ya ci mil 150 zai ga itatuwa sun ja baya. Sai fili fetal, da duwatsu masu shafaffen kai, da tumaki jefi-jefi, da famfon iska yana juyi shi kaɗai. Wannan ita ce Karoo. A nan garin Cradock yake, wanda aka sauya wa suna zuwa Nxuba a 2022, bakin kogin Great Fish.

A wani ɗan gida na garin, wanda yanzu ya zama gidan tarihi, Olive Schreiner ta zauna tana yarinya. Daga baya ta shiga koyar da 'ya'yan manoma a gonakin karkara, inda ta rubuta littafinta The Story of an African Farm. Ya fito a London a 1883, da sunan namiji, Ralph Iron.

Labarin marayu biyu ne, Em da Lyndall, a hannun Tant Sannie, matar uban Em, da kuma Waldo, ɗan wakilin gona. Wani mayaudari ya sauka a matsayin baƙo, ya shiga tsakani, har aka kori wakilin, baƙin ciki ya kashe shi. Em ta haƙura ta zauna. Lyndall kuwa ta ƙi aure, ta fita duniya, ta mutu a baƙon wuri. Wanda ya ga nisan da ke tsakanin gona da gona a Karoo zai gane yadda gaba ke ruɓewa a cikin gida, don babu maƙwabcin da zai shigo ya raba.

To, amma akwai abin lura. Baƙaƙen da ke tatsar shanu da wanke kwanuka a gonar, galibi littafin bai ba su ko suna ba, alhali kuwa yaran suna zama a gindin dutse mai zanen mutanen San, waɗanda aka kore tun kafin a kafa shinge. Jikokin irin waɗannan ma'aikata ne suka cika unguwar Lingelihle, inda aka binne Matthew Goniwe da abokansa uku, bayan jami'an tsaron mulkin wariya sun kashe su a 1985.

Olive ta rasu a 1920. A shekarar da ta biyo baya aka ɗauko gawarta aka hau da ita ƙololuwar dutsen Buffelskop, kudu da garin, aka ajiye ta tare da jaririyarta da karenta, kamar yadda ta yi wasiyya.