Jarrabawar da Aka Ce Ba a Faɗuwa

Ina da shekara 17 ranar da na fara shiga ofishin rajista na wata kwaleji a Amurka, riƙe da wani koren fayil da Inna ta kwana tana jerawa. A cikinsa akwai sakamakon karatuna na shekara huɗu, darasi bayan darasi, kowanne da makinsa, a ƙasa kuma ga sa hannun malamar da ta koyar da ni. Malamar nan mahaifiyata ce. Matar da ke kan teburin ta duba takardun cikin mutunci, ta ce sun karɓa, amma kafin a ba ni aji sai na zauna jarrabawar tantance matsayi a harshen Ingilishi. Ta ƙara da cewa kada in damu, wannan jarrabawa ba a ci, ba a faɗuwa.

Gaskiya ta faɗa, sai dai akwai saura. Wanda makinsa ya kai, kai tsaye zai shiga darasin rubutu na shekarar farko, wanda ake lissafawa cikin digiri. Wanda bai kai ba, ajin share fage za a kai shi, ya biya kuɗi, ya yi zangon karatu guda, ba tare da an lissafa masa komai ba. Baba direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu bai kwana a gida ba, kuma na san yadda kowace dala take shigowa gidanmu.

Ban da kuɗi, akwai abin da ya fi damuna. Mun baro Maraɗi ina da shekara 10, bayan na fara makaranta da Faransanci. Na yi shekara uku a makarantar gwamnati, Inna tana duba littattafaina kowace yamma, har ta ga bakina ya kama Ingilishi amma hannuna bai kama ba. Ita kuwa Ingilishi ta koyar a makarantar sakandare kafin mu taso. Doka ta yarda da karatun gida a dukkan jihohin Amurka 50, ko da yake kowace jiha da nata sharuɗɗa. Sai Inna ta cika takardun da ake nema, ta mai da teburin cin abinci ajinmu. Tun daga lokacin, duk bikin suna ko na aure da muka je, sai an sami wadda za ta ce mata, “Kin kulle yarinya a ɗaki, me za ki nuna gobe?” Inna ba ta taɓa mayar da martani ba. Na gane cewa takardar da kwamfuta za ta fitar ita ce amsar da ta daɗe ba ta bayar ba.

Jarrabawar sunanta Accuplacer, kuma hukumar College Board ce ke shirya ta. Na sauke tambayoyin gwaji na kyauta daga intanet, na fara nazarin yadda take. Sashen karatu yana da tambayoyi 20, makinsa daga 200 zuwa 300. Kwamfuta ce ke zaɓo tambaya ta gaba bisa amsar da aka ba ta: idan ka amsa daidai ta ƙara wuya, idan ka kuskure ta sassauta. Saboda haka ba a tsallake tambaya, ba a kuma komawa baya a gyara. Sai sashen insha'i, inda ake ba mutum batu ya rubuta kalmomi 300 zuwa 600, ba ƙamus, ba mai taimako, a ba shi maki daga 1 zuwa 8. Kowace kwaleji ita ke yanke makin da take buƙata.

Karatu bai ba ni wahala ba, domin a gidanmu littafi ya fi talabijin yawan baƙi. Insha'i ne ya tona mini asiri. Na farko da na rubuta, Inna ta karanta shi da jan alƙalaminta, ta ɗago kai ta ce, “Ke, ina maganar take?”

Na nuna mata sakin layi na uku.

Ta ce, “To, waɗannan biyun na sama fa? Gaisuwa kike yi?”

Dariya ta kama ni, amma ta gano ainihin ciwon. Bahaushe ba ya faɗa wa mutum buƙatarsa daga bakin ƙofa. Sai ya yi sallama, ya tambayi gajiya da iyali, ya kewaya, sannan ya ajiye abin da ya kawo shi. Haka na taso ina jin magana mai ladabi, haka kuma nake rubutu ban sani ba. Insha'in da jarrabawar ke nema kuwa yana son mutum ya faɗi matsayinsa tun a sakin layi na farko, ya bi shi da hujjoji, kowace hujja da misalinta, ya rufe. A kunnena wannan ya yi kama da rashin kunya. Sai da na rubuta wajen guda goma kafin hannuna ya daina nauyi.

Ciwo na biyu waƙafi ne. A Hausa mukan jera jimloli da waƙafi: ya shigo, ya zauna, ya sha ruwa, ya fara magana. Jerin yana tafiya lafiya domin wakilin suna yana ɗauke da lokacin aikin, yana ɗaure kowane aiki da na bayansa. A Ingilishi kuwa, haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kaɗai kuskure ne mai suna, kuma masu duba rubutu ba sa kau da kai a kansa. Inna ta sa ni in riƙa karanta abin da na rubuta daga jimlar ƙarshe zuwa ta farko, ina tambayar kowacce ko za ta iya tsayuwa ita kaɗai. Duk wadda ta iya, aya ce haƙƙinta.

Ciwo na uku ba na harshe ba ne. A shekara huɗu ban taɓa rubutu ba tare da Inna tana kusa ba. Ko ba ta ce komai ba, ina ganin fuskarta in san na karkace. Ita ce ta fara lura da haka. Wata safiya ta ajiye jan alƙalamin ta ce, “Daga yau ɗakin karatu na gari za ki riƙa zuwa. Awa ɗaya, batu ɗaya, a kwamfutarsu. Ni ba zan duba ba sai kin gama.”

Na ce, “Inna, in na yi shirme fa?”

Ta ce, “Gara ki yi shi yanzu, ina da rai kuma kyauta ne.”

Mako shida na yi a haka. Ranar jarrabawa na nuna katin shaida mai hoto, aka karɓi wayata, aka nuna mini kujera. Wajen tsakiyar sashen karatu tambayoyin suka yi tsauri, har gabana ya faɗi. Sai na tuna cewa tsaurin nan alama ce ta cewa ina kan hanya, na gyara zama. Da na zo insha'i, na rubuta jimlar farko, na duba, na ga sallama ce kawai. Na goge ta, na fara da abin da nake son faɗa.

Sakamakon ya fito kafin in bar ɗakin. A karatu na wuce abin da suke nema da tazara. A insha'i na sami 6 cikin 8, wanda ya isa a sa ni a darasin shekarar farko. Ba ni ce gwanar gwanaye ba, kuma a makon farko na darasin malaminmu ya zagaye mini waƙafi biyu da suka tsere wa idona.

Inna tana cikin mota a wajen ajiye motoci, carbi a hannunta. Na miƙa mata takardar. Ta karanta sau biyu, kamar yadda take karanta duk abin da na ba ta, ta ninke ta, ta sa a cikin koren fayil ɗin, bayan shafin da ke ɗauke da sa hannunta. Ta ce, “Alhamdu lillahi. Kira babanki, tun asuba yake tambaya.”

Da yamma ta share teburin cin abinci, ta fito da littattafan ƙanena.