Adaka a Cikin Mota

Bara, da na ga kuɗin masauki yana cinye rabin abin da na ware don bincike, sai na sayi tsohuwar Toyota Hiace a nan Wagadugu, na cire kujerun baya, da niyyar in mayar da ita ɗakin kwana da na karatu. Aikina shi ne bin zangunan Hausawa: daga nan zuwa Po, in ƙetara Gana ta Paga, in sauka Tamale da Salaga, ina naɗar maganar tsofaffi kafin su tafi da ita. Na zaci inji ne zai ba ni wahala. Ashe kayan da zan kafa a ciki ne za su hana ni barci.

Na zana abin da nake so: kabad mai hawa uku na icen maɗaci, durowa huɗu, tebur, gado, da kantar littattafai a can sama kusa da rufi. Na kai zanen wa wani dattijon kafinta, abokin mahaifina tun muna Zangouettin, unguwar Hausawan da ke tsakiyar birnin nan a da, wadda sunanta ma daga kalmar “zango” ya samo asali. A nan aka haife ni. A shekarar 2003 aka rushe ta tare da maƙwabtanta don shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi, aka watsa mazauna zuwa Nioko da gefen Ouaga 2000.

Dattijon ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, “Malam, gida ka zana. Wannan kuwa jaki ce mai ƙafafun roba.”

Na ce, “Baba, to yaya ake yi wa jaki labtu?”

Amsar da ya ba ni ita ce dokar fatake, waɗanda suka riƙa ratsa ƙasar Mosi da kanwa da rinannun tufafi zuwa Gwanja, su komo da goro. Mangala ba ta zama sai ɓangarorinta biyu sun yi daidai, kuma mai nauyi ƙasa yake zama. Saboda haka kantar sama ta fita daga lissafi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 kaɗai ya haura shafi dubu. In ya faɗo a kan mutum lokacin da aka taka birki, to ilmi ya zama makami. Littattafai suka sauko ƙarƙashin gado, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Jarkoki biyu na ruwa, kowace lita 20, wato kilo 40 ke nan, suka koma ɗaya gefen don su rinjayi nauyin kabad.

Maɗacin ma ya hana ni. Ya ce yana da kyau da ƙarko, amma kowane kilo na ado fetur zai sha har ranar da motar za ta mutu. Ya kuma ƙi allon nan da ake matsewa daga garin katako, wanda ya cika shagunan kayan ɗaki, domin damina na kumbura shi, girgizar hanya kuma na sa ya saki ƙusa. Filawud mai kaurin milimita 12 ya zaɓa, ya ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen motar. Ƙofofin kabad ya yi su masu zamewa gefe, tunda babu filin buɗewa, ya manna musu roba a baki saboda ƙurar hunturu kada ta kashe mini na'urar naɗar murya. Tukunyar gas ya keɓe mata gurbi mai huda a ƙasa, don gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake nema. Na so in yi rowar kuɗin sakata, ya ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ya sa wa kowace durowa tata.

Wuri ɗaya muka yi gardama: adakar mahaifina. Ta ƙarfe ce, nauyinta ya saɓa wa duk abin da dattijon ya koya mini. Ranar da muka bar Zangouettin, gadon mahaifiyata da kabad ɗin kwanukanta sai da aka ɓaɓɓalle su kafin su fita ta ƙofa, kuma ba su sake haɗuwa daidai ba. Adakar kuwa mutum biyu suka ɗauka, da takardun gida da Alƙur'ani da wasiƙun ajami na kakana a ciki, ba abin da ya taɓa ta. Da na gaya masa haka sai ya yi shiru, domin shi ma a wannan rana ya loda nasa. Daga baya ya auna ta, ya cire durowa biyu daga zanen, ya yi mata mazauni bayan kujerar direba. Yanzu ita ce teburina, ita ce kujerar baƙo, a cikinta kuma nake ajiye muryoyin da na naɗo.

Ɗalibai, ku lura da kalmar nan “zango”. Asalinta wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Shi ya sa muke cewa an “ya da zango”, muke kuma kiran tafiyar yini guda “zango ɗaya”, har ta kai ga zangon karatu a makaranta. Daga baya ne ta zama sunan unguwa a Kumasi da Akara da Wagadugu. Kakannina sun ya da zango har suka manta cewa zango ne, suka sayi kayan da ba sa ɗaukuwa. Ban ga laifinsu ba. Ni ma kabad mai hawa uku na fara zanawa.

Daren farko a Po na kwana. Da asuba na duba, ba durowar da ta buɗe, ba littafin da ya gusa. Na yi salla, na ɗora kofin shayi a kan adakar, na fara rubuta sunayen dattawan da zan nema a Salaga.